Haɗin yajin tako na gida: me ya sa nawa ya koma wuta?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina neman taimakonku. Yarana sun ci tako, abincin Meksikon nan na nama da ake naɗewa a cikin waina mai fale-fale, a wani gidan abinci a Abuja lokacin hutu, tun daga ranar ba su bar ni na huta ba. Jiya na samu wani haɗi a intanet, aka ce a zuba babban cokali 2 na garin "chili" a nama rabin kilo. Sai na ɗauko garin barkonona wanda na daka da hannuna, na auna cokali 2 cif, na ƙara tafarnuwa da albasa, na sa kori da tayim tunda ba ni da abin da suka kira kumin. Da na sauke, Ilham ta kai loma ɗaya ta ajiye. Ƙaramin kuwa kuka ya fashe da shi, sai da na ba shi madara ya yi shiru. Babansu ma da yake son yaji, gumi ya dinga yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga tsadar nama. Ina na kuskure?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ilham, Allah ya mayar da alheri. Kada ki zubar da naman. Ki dafa wake ko dankali da yawa ki juye shi a ciki, zafin zai rabu. Batun haɗin kuwa bari Rabi ta shigo, ita ce ke zaune a Amurka cikin masu yin sa.

Anti Rabi (San Antoniyo): Ga ni Hajiya, yanzu na tashi daga aiki. Maman Ilham, sunan ne ya yaudare ki, kuma kusan duk wadda ta fara wannan girkin daga gida sai ta faɗa ramin nan. Abin da Amurkawa ke kira garin chili ba zallan barkono ba ne. Shi kansa haɗi ne: busasshen barkono marar zafi sosai, da kammun, wato kumin ɗin da kika rasa, da tafarnuwa, da wani ganyen ƙamshi mai suna oregano, wani lokaci har da gishiri. Kina iya lasar shi da yatsa ba ki nemi ruwa ba. Barkonon da ke cikinsa ya fi kusa da tattasanmu. Saboda haka da ki ga an ce cokali 2, ki sa a ranki tattasai ake nufi, barkono kuma ɗan kaɗan a bakin cokalin shayi.

A Meksiko barkono iri-iri ne, kowanne da aikinsa, kuma sunansa yana canzawa idan ya bushe. Akwai wani kore mai faɗi da suke kira poblano, idan ya nuna aka shanya shi sai ya koma ancho. In kin riƙe shi a hannu baƙi-baƙi ne, ya yamutse, yana lanƙwasuwa kamar fata mai laushi, ƙamshinsa kamar na busasshen inabi. Akwai guajillo, ana faɗinsa gwahiyo, dogo ne ja mai santsi da sheƙi, yana da ɗan tsami-tsami. Shi ke ba miya jan launi mai kyau. Akwai chipotle, wato barkonon jalapeño da ya nuna ya yi ja aka busar da shi da hayaƙi. Sai ɗan siririn nan chile de árbol, shi ne mai cizo, shi ya fi kama da barkononmu. Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar asalin jihar Jalisco, takan haɗa ancho 3 da guajillo 4 ta jefa árbol 1 ko 2 kawai. Kin ga yadda lissafin yake: ƙamshi da launi su ne da yawa, zafi ɗan ƙari ne.

Ummi (Zariya): Anti Rabi ta yi bayani. Bari in sa lambobi don a ga tazarar. Akwai ma'aunin zafin barkono da wani mai haɗa magunguna Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A kansa ancho yana wajen 1,000 zuwa 2,000, guajillo 2,500 zuwa 5,000, árbol 15,000 zuwa 30,000. Jan barkonon kayen yana kaiwa 30,000 zuwa 50,000. Attaruhu kuwa da danginsa daga 100,000 ne har 350,000. To Maman Ilham ta sa abin da ya ninka wanda aka nufa sau 20 ko fiye a zafi. Kuma kin yi daidai da kika ba yaron madara. Sinadarin da ke kawo zafin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, shi ya sa madara da nono suke kwantar da shi, ruwa kuwa sai dai ya watsa shi a baki.

Maman Ilham: Allahu Akbar. Wallahi ban taɓa sanin haka ba. Na gode Anti, na gode Ummi. To yanzu tattasai zan saya in shanya?

Abba: Ku yi haƙuri iyayena, zan sa baki. Ni a iya karatuna wannan garin da ake kira yajin tako ba na Meksiko ba ne sam. Na Amurka ne. Ina ganin bai dace mu dinga kiran sa haɗin Meksiko ba, kamar wani ne ya haɗa kori da tayim a Landan ya rubuta "yajin Kano" a jikin kwalba. Da mu ne ai ba za mu ji daɗi ba.

Anti Rabi (San Antoniyo): Abba, ka faɗi gaskiya, amma da saura. Garin chili na kwalba a nan Teksas aka fara sayar da shi. Wani Bajamushe, William Gebhardt, yana cikin waɗanda suka fara wannan sana'ar, yana niƙa busasshen barkonon Meksiko yana haɗawa da kayan ƙamshi a garin New Braunfels cikin shekarun 1890, daga baya ya dawo da sana'ar nan San Antoniyo inda nake zaune. Shi kuma takon da yaran Maman Ilham suka ci, mai niƙaƙƙen nama da latas da cuku a cikin ɓawo mai ƙaras-ƙaras, gidan abincin Taco Bell ne ya watsa shi duniya, wanda Glen Bell ya buɗe a Kalifoniya a 1962. In ka je birnin Meksiko wajen mai tako na bakin titi, ba za ka ga yana barbaɗa gari daga leda ba. Naman gashi yakan sa masa gishiri da lemon tsami, ya yanka ƙanana, ya ɗora a kan tortiya ta masara mai laushi, wato wainar da ake naɗe tako da ita, ya watsa ɗanyar albasa da ganyen kuzbara. Zafin yana cikin miyar barkono da ke gefe, kowa ya zuba daidai bakinsa.

Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa ba shi da alaƙa da su. Teksas ɗin nan ƙasar Meksiko ce har zuwa 1836. Mutanen da suka yi suna wajen dafa nama da barkono da kammun a San Antoniyo 'yan Meksiko ne da zuriyarsu, matan da ke kafa tebura a dandalin gari da dare suna sayar da shi. Gebhardt abincinsu ya gani ya sa a kwalba. Jikokinsu suna nan, ina aiki da su, kuma in ka ce musu abincin kakanninsu na bogi ne ransu zai ɓaci.

Abba: Na karɓa Anti. Amma dai a kira shi na Teksas, a ba kowa haƙƙinsa.

Anti Rabi (San Antoniyo): Sunan da suke kiran sa ke nan ma, Tex-Mex. Ba mu saɓa ba.

Hajiya Binta: To madalla. Ku bar ni in koma kicin, don baiwar Allah tana jira. Maman Ilham, ni na fi shekara 3 ina yin wannan haɗin saboda odar 'yan makaranta da masu biki, kuma da tattasai nake yi. Ki sayi ɗanye wanda ya nuna jajir, mai kauri. Ki wanke, ki tsaga biyu, ki cire 'ya'yan da farar jijiyar nan ta ciki. Ki shimfiɗa a faranti ko tabarma mai tsabta, ki rufe da yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda. Da hunturu kwana 4 zuwa 5 ya isa. Alamar ya bushe, in kin lanƙwasa ya karye ya ce ƙas. In ya lanƙwasu kawai to da saura, kuma in kika daka shi a haka zai dunƙule ya yi fumfuna a kwalba.

Sai matakin da mutane ke tsallakewa, alhali shi ne ran abin. Ki ɗora kasko babu mai a wuta marar ƙarfi, ki zuba busasshen tattasan kaɗan-kaɗan, ki danna da bayan ludayi. Daƙiƙa 15 zuwa 20 kowane gefe. Za ki ga launin ya ɗan ƙara duhu, ƙamshi mai zaƙi ya taso kamar ana gasa gyaɗa. Nan take ki kwashe. In kika tsaya har ya yi baƙi ko ya fara hayaƙi, ɗaci zai yi, kuma ɗacin nan ba ya gyaruwa, guda ɗaya sai ya lalata miki turmi guda. Ki bar shi ya huce sarai kafin ki daka, sannan ki tankaɗe da rariya mai laushi.

Awona ga shi. Garin tattasai babban cokali 6. Kammun da aka soya aka daka, babban cokali 2. Garin tafarnuwa cokali 1, garin albasa cokali 1, oregano cokali 1 a murtsuke shi a tafin hannu. Masoro cokalin shayi 1. Barkono cokalin shayi 1, in da yara ƙanana rabi. Garin sitacin masara babban cokali 1. Wannan zai yi miki girki 4, domin babban cokali 3 ake sa wa nama rabin kilo.

Maman Ilham: Hajiya Allah ya saka da alheri, na kwafe a littafi. Saura kammun ɗin nan. A ina zan same shi a Kaduna, kuma yaya kamanninsa? Kada a ba ni wani abu daban.

Malam Sani mai kayan ƙamshi: Hajiya, tambayarki tana kan hanya, don ana yawan rikita shi. Ƙwayarsa siririya ce doguwa, kamar ƙaramar shinkafa, ruwan ƙasa mai haske, da layi-layi a jikinta. Akwai wata mai kama da ita amma ta fi girma, koriya-koriya ce, in kin tauna za ki ji zaƙi kamar alewa. Waccan ba ita ba ce, ta shayi ce. Kammun na gaske in kin murza a hannu warinsa mai ƙarfi ne, ɗumi-ɗumi, irin wanda kike ji a shinkafar Larabawa. Ki je wajen masu kayan ƙamshin Larabawa da na Indiya, ko manyan kantuna. In mai shagon Ba'indiye ne ki ce jira. Kuma ki sayi ƙwaya, kada ki sayi gari. Ni mai sayarwa ne amma gaskiya ɗaya ce: garin da ya yi wata 6 a kan kanta rabin ƙamshinsa ya tafi, ƙwaya kuwa tana shekara ba ta canza ba.

Maman Walid (Jidda): Malam Sani ya yi gaskiya. A nan Saudiyya kammun ne sunansa. Amma mu da muka tashi a Sudan shamar muke ce masa, wanda muke barbaɗawa a kan ful, dafaffen wakenmu, da safe. Da na zo nan na ce a ba ni shamar, sai aka miƙo min mai zaƙin nan da Malam ya faɗa. Don haka a bi kamanni da wari, kada a tsaya ga suna kawai. Kuma kada a haɗa shi da habbatussauda, don wasu na kiran ta baƙin kammun, alhali ba dangi ba ne.

Anti Rabi (San Antoniyo): Hajiya Binta, ki yi min izini in ɗan yi gyara a wuri biyu. Na farko kammun. Cokali 2 a kan tattasai 6 hannun Teksas ne. Maƙwabciyar nan tawa in ta ga ina zuba shi haka sai ta kama hannuna. Ita ɗan tsunkule take sa wa tukunya guda, ta ce in ya yi yawa yana danne barkono. Kammun ma ba ɗan ƙasar ba ne, Sifaniyawa suka kawo shi bayan sun ci Meksiko da yaƙi a 1521, tare da tafarnuwa da kirfa da kanumfari da shanu da awaki. Barkono da masara da tumatir su ne 'yan gida. Wanda bai saba da kammun ba ya fara da cokali 1.

Na biyu sitaci. Ni ba na sa shi. Kamfanoni suna sa shi a ledarsu ne don ruwan naman ya yi kauri, kuma yana ƙara wa ledar nauyi. In kika markaɗa tumatir 2 kika zuba, ya tsotse, za ki samu kaurin da ya fi wannan daɗi.

Hajiya Binta: Rabi, kammun na yarda a rage wa sabon shiga. Sitaci kuwa ba zan bari ba, kuma ga dalilina. Ke kina dafa wa mutum 4 su ci nan take. Ni ina dafa kilo 10 da asuba, a ci da azahar. In babu sitaci, mai yana rabuwa da ruwa, ya kwanta a ƙasan kula, naman sama ya bushe, na ƙasa ya jiƙe. In an naɗe a tortiya sai ya ɗiga a rigar yaro. Cokali 1 ɗin nan shi ke riƙe yajin a jikin naman. Tumatir kuma in ya daɗe a kula da zafin garinmu, tsami yake yi.

Anti Rabi (San Antoniyo): Wannan hujja ce Hajiya, ban yi tunanin kula ba. To mai girkin gida ta zaɓa.

Zainabu (Maraɗi): Sannunku da aiki. Ni ban ga an ambaci gishiri da dunƙule ba. A wajenmu nama babu dunƙule ai yara ba za su ci ba. Ni ina murtsuka guda 4 a cikin haɗin tun farko, in huta.

Abba: Anti Zainabu, in aka sa dunƙule ai an koma miyar gida. Komai sai mun mayar da shi ɗanɗano ɗaya? Shi ya sa shawarmarmu da taliyarmu da soyayyar shinkafarmu duk bakinsu ɗaya.

Zainabu (Maraɗi): Ɗana, wanda zai ci shi ake dafa wa. In na yi abin da ba a ci ba, wa na burge?

Anti Rabi (San Antoniyo): Abba, a nan kam Zainabu ta fi ka gaskiya. Da ma ni ma haka nake tunani kafin in shiga kicin ɗin mutanen nan. Garin romon kaza na Knorr yana kusan kowane gida, suna sa shi a shinkafa da miya kamar yadda muke yi. Maggi na ruwa, ɗan baƙin nan na kwalba, har a kan naman gashi suke ɗiga shi. Abin da zai mayar da shi miyar gida shi ne kori, da citta, da daddawa. Kori yana ɗauke da kurkur da hulba, da ya shiga sai hancinki ya tafi wajen dafa-duka. Waɗannan ukun a ajiye su gefe.

Ummi (Zariya): Ni matsalata da sa dunƙule a cikin kwalba ba ta ɗanɗano ba ce. Gishiri da dunƙule suna jan danshi daga iska. Da damina in kin buɗe kwalbar bayan sati 3 za ki tarar ya zama dutse. Kamfanoni suna da sinadarin hana dunƙulewa da suke ƙarawa, mu ba mu da shi. Sannan in gishiri yana cikin haɗin, ranar da kike son ƙarin yaji dole ki ƙara gishiri tare. Ga masu hawan jini a gida wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ledar kanti ɗaya giram 28 ce, ta nama wajen giram 450, kuma in kin karanta bayanta za ki ga gishiri yana cikin abubuwan farko da aka lissafa. Babbar ribar haɗawa a gida ke nan, ke ce mai iko da gishirinki. A sa shi a tukunya.

Zainabu (Maraɗi): Wannan kam na gani da idona, nawa yana dunƙulewa, ina ta zargin murfin kwalbar. Na gode 'yata.

Maman Ilham: To oregano fa? Na taɓa ganin sa a kanti amma da tsada. Tayim ba zai yi ba?

Anti Rabi (San Antoniyo): Zai yi, amma rabin awon, don tayim yana da kaifi. Ki sani ma oregano biyu ne. Na kantunan gida na yankin Bahar Rum ne, wanda ake sa wa fiza, dangin na'a-na'a. Na Meksiko wata bishiya ce daban, ganyenta ya fi girma, kuma yana da ƙamshin lemo a ƙarshensa. In ina gida hutu nakan kankare bayan lemon tsami ɗaya, koren kawai ban da farin, in shanya a inuwa, in haɗa da tayim. Yana kusantowa sosai.

Maman Walid (Jidda): Ɗoɗɗoya fa? Busasshiya tana min kama da shi a hanci.

Hajiya Binta: Na gwada. Kaɗan tana shiga, amma da ta wuce tsunkule sai naman ya koma farfesu. Ni ban ba da shawara ba.

Malam Sani mai kayan ƙamshi: Wani abu da nake so in ja hankalin iyaye mata a kai. Hajiya Binta ta ce a shanya tattasai da hannu, wasu za su ce wahala, su je su sayi niƙaƙƙe a kwano. Ku yi hattara. Ba kowa ba, amma akwai masu haɗa wanda ya ruɓe ko ya yi fumfuna su niƙa, akwai masu ƙara dusa da kala. In kun ga gari ja wur kamar jan fenti, ku zuba kaɗan a kofin ruwa. Na gaske yana yawo a sama, ya sauka a hankali, ruwan ya ɗan yi ja kaɗan. Mai kala nan da nan za ku ga jan zare yana gangarawa ƙasa. In ba za ku shanya ba, ku sayi busasshe ɗungurungum, ku tsaga ku duba cikinsa. In akwai baƙin ƙura ko fari-fari kamar auduga, ku bar shi.

Ummi (Zariya): Kuma fumfunar nan ba a raina ta. Wani nau'inta yana fitar da guba mai suna afalatoksin da ke lahanta hanta, irin wadda ake samu a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. Dafuwa ba ta kashe ta.

Abba: Anti Rabi, ɗanɗanon hayaƙin nan na chipotle, akwai dabarar samun sa a gida? Shi ne abin da na fi so.

Anti Rabi (San Antoniyo): Akwai. Ka samu shambo wanda ya nuna, ka jera a kan waya irin ta masu tsire, nesa da wuta, garwashi ya kusa mutuwa, ka jefa ɗan icce busasshe ya dinga hayaƙi, ka kife da tsohon baho na ƙarfe ko kwano. Awa 3 zuwa 4 kana juyawa, sannan ka ƙarasa a rana. Kada ka yi da iccen da aka yi wa fenti ko katakon gini. Cokalin shayi 1 na garinsa ya ishi haɗin Hajiya gaba ɗaya, kuma in ka sa shi ka cire barkonon, don shambo yana da nasa zafin. In kana da mai tsire da kuka saba, ka roƙe shi ya ajiye maka a gefen tukubarsa, ya fi sauƙi.

Tunda mun zo nan, wata magana ga 'yan'uwa masu tafiya waje. Shahararren takon birnin Meksiko, al pastor, naman alade ne. Za ku gan shi a tsaye a jikin ƙarfe yana juyawa sak shawarma, kuma ba banza ba, 'yan Labanon da suka yi ƙaura zuwa can, musamman garin Puebla, su suka kai wannan gashin, daga baya aka canza naman. Carnitas ma alade ne, chorizo ma haka. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne kitse: tortiyar fulawa da dakakken wake sau da yawa da man alade ake yi, suna kiran sa manteca. Ku tambaya kafin ku ci. Birria ta Jalisco asalinta naman akuya ce, barbacoa ta Hidalgo ta tunkiya ce, waɗannan in kun samu naman halal kuna iya yin su a gida da irin barkonon da muka faɗa, sai dai jiƙa shi ake yi a ruwan zafi a markaɗa, ba gari ba.

Maman Ilham: Allah ya kiyaye mu. Anti, abin naɗewar fa? Gurasa za ta yi? Ko in yi da garin masararmu na tuwo?

Ummi (Zariya): Garin tuwo ba zai haɗu ba, zai dinga farfashewa a hannunki. Su suna dafa masarar ne da ruwan farar ƙasa ko toka, ta kwana a ciki, a wanke, sannan a niƙa ta da danshinta. Wannan ne ke sa ƙullin ya yi danƙo, kuma yana sa jiki ya iya amfana da sinadarin niyasin da ke cikin masara. Ƙullin ma masa suke kiran sa, amma ba masarmu ta tanda ba ce, kalmar Sifaniyanci ce mai nufin kwaɓi.

Hajiya Binta: Gurasa ta yi kauri kuma tana da yis, za ta shanye naman. Ki yi ta fulawa, arewacin Meksiko ma ita suke ci, Rabi ta gaya min. Fulawa kofi 2, man gyaɗa babban cokali 3, gishiri rabin cokalin shayi, ruwan ɗumi wajen kashi 3 cikin 4 na kofi. Ki murza ta yi laushi, ki rufe minti 30, ki raba 10, ki murza da fale-fale. Kasko mai zafi babu mai, da ta yi ƙuraje ta kumbura ki juya. Kina saukewa ki sa a cikin tawul mai tsabta ki rufe, tururin ne ke hana ta bushewa. In kin gaji, burodin shawarma ya wadatar.

Naman kuma kada ki zuba yajin a ruwa. Ki soya albasa, ki sa naman ki farfasa shi har ruwansa ya tsotse ya fara soyuwa. Sai ki ture shi gefe, ki zuba cokali 3 na haɗin a cikin man da ya taru, ki juya daƙiƙa 30 har ƙamshi ya tashi, sannan ki gauraya, ki sa gishiri da dunƙule, ki zuba ruwa rabin kofi, ki rage wuta minti 10. Lemon tsami sai an sauke.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana 8. Na shanya tattasai kwano guda, ya bushe a kwana 5, amma da na daka abin da na samu bai fi cokali 7 ba, na yi mamakin yadda ya ƙanƙance. Kaskon farko na ƙona guda 3, na tsince su na zubar kamar yadda Hajiya ta ce. Kammun na samu ƙwaya, na murza na shinshina kafin in biya. Cokali 1 na sa, da rabin cokalin shayi na barkono, ban sa gishiri a kwalba ba. Launin naman ya fito ja mai duhu, gidan duk ya ɗauki ƙamshi har maƙwabciyata ta leƙo. Ilham ta ci 3, ƙaramin ya ci 1 da rabi bai nemi ruwa ba. Babansu na ajiye masa dakakken attaruhu da lemon tsami a gefe. Tortiyar ce dai wasu suka yi tauri, suna karyewa in na naɗe.

Hajiya Binta: Alhamdulillahi, barka. Taurin nan wutarki ce ta yi ƙasa, sai ta daɗe a kasko ta bushe. Ki bar kaskon ya yi zafi sosai, kowane gefe kada ya wuce daƙiƙa 40. Sauran haɗin ki sa a kwalbar gilashi mai murfi, nesa da murhu, ki rubuta kwanan wata a jiki, ki cinye shi cikin wata 3.

Anti Rabi (San Antoniyo): Masha Allah, na ji daɗi. In Allah ya kai mu Disamba zan zo gida, zan taho da ancho da guajillo a jaka. Maman Ilham ki ajiye min cokali 2 na garin tattasanki, ina so mu dafa tukunya biyu gefe da gefe mu ɗanɗana.

Malam Sani mai kayan ƙamshi: Hajiya Rabi, in da hali a taho min da guda 2 na kowanne masu 'ya'ya a ciki. Akwai wani manomin tattasai a Hunƙuyi da muke hulɗa, ina so ya gwada a fadamarsa da rani.